Tilo

Kafin ni, Arzika ke riƙe da littafin.
Guda ne, mai baƙin bango, ya sha gumi da warin albasa,
ƙarƙashin katifarsa yake kwana.
Manomin Galmi, dillalin Tamaske, direba daga Ƙonni,
duk wanda ya tambayi buhu nawa suka rage
sai Arzika ya lashi yatsa, ya buɗe shafi.
Amsa ɗaya.

Sai ƙungiya ta ce a sa littafin cikin waya.
Aka kira ni, 'yar Tsahara da ta yi karatu a Yamai,
aka ba ni teburi kusa da taga
da fanka mai tari in kuran ya yi rauni.

Manhajar farko da hannu sake na rubuta ta.
Duk shafin da aka buɗe
sai ya haƙa tasa rijiyar zuwa rumbun bayanai.
Ran Lahadi kasuwar Tawa ta cika,
waya ɗari uku suka tambayi farashi kafin azahar,
rijiya ɗari uku a tsakar gida guda.
Uwar garke ta durƙusa
kamar raƙumin da aka lafta wa kayan ayari duka,
ba ta miƙe ba sai bayan la'asar.

A daren na koyi haihuwar tilo.
Na toshe ƙofar da ake ƙera sabo,
na bar 'yar taga, na rubuta a bakinta:
in yana nan, miƙa shi,
in babu, yi ɗaya, ajiye, kada ka ƙara.
Layi tara.
Sau biyu na ƙirga su,
ban yarda abu ƙarami haka zai ɗauki kasuwa ba.

Ya ɗauka.
Mako uku ina taku kamar mai sabon takalmi.

Sai ga Nomau da sassafe, hula a hannu:
wayarsa ta ce arba'in,
ta ɗansa ta ce talatin da bakwai,
buhu uku sun ɓace tsakanin uba da ɗa.
Na bi sawu har karnukan unguwa suka gaji da haushi.
Ashe tambaya biyu ne suka iso taga a ƙiftawa guda.
Wannan ta leƙa, babu.
Waccan ta leƙa, babu.
Kowace ta haifi nata.
Tilona ya zama tagwaye ban sani ba,
kowanne na rantsuwa shi kaɗai ne.

Na sa kwado. Mai shiga ya kulle bayansa,
na biyu ya jira, ya sake leƙawa kafin ya ƙera.

Ban gama murna ba, Idi yaron ofis,
garin gwaji, ya mai da buhu dala biyar.
Minti huɗu kawai.
Daga Madawa har Abalak waya ta yi ta kuka,
wata tsohuwa ta turo jikanta da amalanke ya kwaso goma.
Abin da ya faɗa randa ɗaya
duk gidan ke sha,
kuma ba ka sanin hannun wa ya jefa.

Na je wurin Arzika da yamma.
Yana gyaran carbi, zaren ya tsinke.
Na faɗa masa duka, da taga, da kwado, da tagwaye.
Bai ɗago ba.
Ya ce, littafin ɗaya ne, gaskiya,
kowa na iya karantawa,
amma biro a aljihuna yake.
Shekara ashirin da shida ban ara wa kowa ba,
har shugaban ƙungiya.

Na koma ofis ban ci tuwo ba.
Kuran ya ɗauke, batir saura kashi sha tara.
Na buɗe layi taran nan,
na fara neman inda zan ɓoye biro.